Shin Fifita Ɗalibi Mai Rauni A Jami'a Adalci Ne?

Da sunan Allah ake farawa, kuma gare Shi ake neman dacewa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin jami'o'i da yawa na duniya a yau akwai wani ofishi wanda ba a koyar da wani fanni na ilmi a cikinsa, aikinsa kawai shi ne ya kula da ɗaliban da wani uzuri ke neman ya raba su da karatu. Makaho a juya masa littattafai zuwa rubutun makafi, ko a samo masa mai karanta masa. Kurma a ba shi tafinta mai magana da hannu. Gurgu a ba shi ɗaki a ƙasa, a gyara masa hanyar da kekensa zai bi. Wanda talauci ya matsa wa a nema masa tallafi, wanda kuma ya ga an zalunce shi ya sami mai tsaya masa a gaban hukumar makaranta. A kan ƙara wa waɗansunsu lokaci ma a ɗakin jarrabawa.

To, a nan ne magana take tasowa. Ga ɗalibai biyu, sun biya kuɗin makaranta iri ɗaya, suna neman takardar shaida iri ɗaya. An ba ɗaya sa'a uku ya amsa tambayoyi, an ba ɗaya sa'a huɗu. An kashe wa ɗaya kuɗin da ba a kashe wa ɗayan ba. Shin wannan adalci ne, ko kuwa son kai ne aka lulluɓe shi da rigar tausayi?

Bai kamata a raina mai wannan tambaya ba, domin yana da hujjar da zai dogara a kanta. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Bashiru ɗan Sa'adu ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta, sai uwar yaron, Amratu 'yar Rawaha, ta ce ba za ta yarda ba sai an kafa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shaida. Da aka je, Annabi ya tambayi Bashiru ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irin wannan kyauta. Da ya ji ba a yi musu ba, sai ya ƙi yin shaidar, ya umurce shi da tsoron Allah da yin adalci a tsakanin 'ya'yansa, Bashiru kuwa ya janye kyautarsa. Mai tambaya yana iya cewa, tun da jami'a uwa ce ga ɗalibanta, ina dalilin da za ta ba wani abin da ba ta ba sauran ba?

Kafin a amsa, ya kyautu mai karatu ya ji labarin wani mutum guda, domin hukunci ba ya fitowa sosai sai an san yadda al'amari yake a zahiri. Labarin ya faru ne a ƙasar Amurka, a jihar Kalifoniya, ɗaya daga cikin wuraren da irin waɗannan ofisoshi na zamani suka fara kafuwa.

An haifi Ed Roberts a shekarar 1939. A 1953, yana da shekara 14, ciwon shan inna ya kama shi, ya shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa. Ko numfashi ba ya iya yi sosai da kansa, sai da dare a sa shi cikin wata na'ura ta ƙarfe mai kama da doguwar ganga, kansa kaɗai ke waje, ita ce ke taya ƙirjinsa shaƙar iska da fitarwa. Nauyin na'urar ya fi kilo 350. Duk da haka ya ci gaba da karatun sakandare, yawanci daga gida ta hanyar tarho. Da ya gama, sai aka nemi a hana shi takardar shaida, wai don bai yi darasin motsa jiki da na koyon tuƙin mota ba, alhali kuwa doka ta ce kowane ɗalibi sai ya yi su. Sai da mahaifiyarsa ta kai ƙara gaba, sa'an nan aka ba shi.

A 1962 Jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley ta ɗauke shi. Amma fa da ya iso, babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai iya ɗaukar na'urar nan tasa. Hukumar jiha mai taimakon naƙasassu ma da farko ta ƙi biya masa kuɗin karatu, bisa ganin cewa irinsa ba zai taɓa yin aiki ba. Daga baya likitan da ke shugabancin asibitin jami'ar, mai suna Henry Bruyn, ya ba shi ɗaki a cikin asibitin, daga nan ake tura shi zuwa aji. Ya sami digiri na farko a 1964, na biyu a 1966, duka a fannin ilmin siyasa. Waɗansu ɗalibai masu irin lalurarsa suka biyo sawunsa, suka haɗa kai, har a 1970 suka kafa shirin kula da naƙasassun ɗalibai a jami'ar, wanda su da kansu suke gudanarwa: gyaran kekuna, samo masu hidima, neman gidajen da keke ke iya shiga. Abin mamaki, hukumar nan da ta ce ba zai taɓa yin aiki ba, daga baya Gwamnan jihar, Jerry Brown, ya naɗa shi shugabanta, ya riƙe ta har 1983. Ya rasu a 1995.

Yanzu sai a dubi wannan labari da idon mai neman gaskiya. Waɗanda suka so su hana yaron nan takardarsa ba su yi masa wata doka ta dabam ba. Dokar da ke kan kowa ita suka ɗora masa, watau sun daidaita shi da sauran ɗalibai daidai wa daida. Haka kuma jami'a, da ta ce masa ga ɗakunan kwana nan kamar na kowa, in ya iya ya shiga, da babu mai cewa ta nuna masa bambanci a takarda. Amma kowa ya san sakamakon wannan daidaitawa, shi ne a kore shi ba tare da an furta kalmar kora ba. Ashe ke nan akwai daidaitawar da ita kanta zalunci ce. Wanda ya ɗora tukunyar tuwo a kan katanga ya ce kowa ya ɗiba, dogo da gajere, babba da yaro, ya raba abinci ne ga dogaye kaɗai, ko da bakinsa ya ambaci kowa.

A nan ne fahimtar malaman fiƙihu take da amfani. Su da suka karanta hadisin Nu'umanu, ba su fahimci cewa uba zai kashe wa kowane ɗa kuɗi daidai da na ɗan'uwansa a kowane hali ba. Sun rarrabe tsakanin kyauta da ciyarwa. Kyauta ƙari ce a kan bukata, ita ce aka ce a daidaita. Ciyarwa kuwa, watau nafaƙa, gwargwadon bukata ake yin ta. Idan ɗa ɗaya ya kwanta ciwo uba ya saya masa magani, ba a ce sai ya raba wa lafiyayyu kuɗin maganin ba. Rigar babban ɗa ta fi ta jinjiri cin yadi, ba wanda ya taɓa kiran wannan son kai. Abin da aka daidaita a tsakaninsu shi ne kowa ya sami abin da zai rufe masa jiki.

To, abin tambaya shi ne, taimakon da jami'a ke yi wa makaho ko gurgu, kyauta ne ko ciyarwa? Amsa tana ga abin da jami'a ta yi alkawari ran da ta ɗauki ɗalibi. Ta yi masa alkawarin za ta koyar da shi, ta jarraba shi, in ya ci ta shaide shi. Mai gani ya sami littafi a ɗakin karatu, an cika masa alkawari. Makaho kuwa, muddin littafin bai zo masa ta hanyar da yatsunsa ko kunnensa za su karanta ba, ba a ba shi kome ba tukuna. Saboda haka juya masa littafin nan biyan bashi ne. Haka ƙarin lokaci a jarrabawa: karatu da yatsu, ko sauraron mai karantawa da yi masa shifta, ya fi karatu da ido ɗaukar lokaci, ƙarin da aka yi masa yana mayar masa ne da abin da hanyar karatunsa ta cinye.

Amma fa wannan magana tana da iyaka, kuma wanda ya tsallake iyakar ya faɗa cikin abin da mai tambaya ke tsoro. Ana iya gane iyakar daga hukuncin sallar mara lafiya. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da ciwo, ya tambayi Annabi yadda zai yi salla, aka ba shi izini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a kan gefensa. Mai karatu ya lura, an sauƙaƙa masa yadda zai yi, amma ciwo bai mayar masa da Azahar raka'a biyu ba. Haka ya kamata al'amarin jami'a ya zama. A canza wa ɗalibi ɗakin jarrabawa, a canza masa irin takardar, a ƙara masa lokaci, duk wannan daidai ne. Amma a rage masa abin da ya wajaba ya sani, ko a ƙara masa makin da bai ci ba don tausayi, wannan ha'inci ne a fuska uku. An ha'inci abokan karatunsa, an ha'inci jama'ar da za su dogara da takardarsa gobe, an kuma ha'ince shi shi kansa, domin an nuna masa ba a yarda hankalinsa ya kai na kowa ba. Mai sayar da hatsi yana iya kai wa tsohuwa awonta har gida, amma mudun da ya auna mata shi ne mudun da ya auna wa kowa.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa dokar tuƙin mota ta zama zalunci ga Roberts. Takardar sakandare shaida ce ta ilmi, sharaɗin kuwa yana auna ƙafa da hannu. Duk lokacin da aka zo yanke hukunci a kan wani sauƙi da ɗalibi ya nema, tambayar da za a yi ke nan: abin da yake so a ɗauke masa, yana cikin ainihin ilmin da ake shaida, ko kuwa wata al'ada ce kawai da aka saba yi saboda yawancin ɗalibai suna iyawa?

Kada mai karatu ya zaci wannan tunani baƙo ne ga Musulmi don an kawo misalinsa daga Amurka. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne. Ya zo wurin Annabi a Makka yana neman a sanar da shi, a lokacin Annabi yana magana da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin su musulunta, sai ya kau da kai daga gare shi. A kan wannan ne farkon surar Abasa ya sauka, Allah Ya yi wa mafi soyuwar bayinSa gyara saboda makaho mai neman ilmi. Daga baya wannan sahabi ya zama ladan tare da Bilalu, kuma sau da yawa Annabi ya bar shi yana yi wa mutanen Madina limanci idan ya fita yaƙi. Har ila yau, Abu Sa'idul Hudri ya ruwaito cewa mata sun kai kuka ga Annabi cewa maza sun rinjaye su a wurin karatu, suka roƙi a keɓe musu rana, ya kuwa keɓe musu. Ƙofar majalisi a buɗe take ga kowa, amma matan sun ga buɗewar ba ta kai gare su ba, suka faɗa, aka saurare su.

Da makarantun Musulunci suka girma, sai wannan ɗabi'a ta zama tsari. Masallacin Azhar na Alƙahira, wanda aka fara gininsa a shekarar 970 aka buɗe shi a 972, ya shahara da abin da ake kira ruwaƙi, watau masaukin ɗalibai bisa ga ƙasashen da suka fito. Akwai na mutanen Magrib, da na Sham, da na Turkawa, da na mutanen Jawa, akwai kuma na mutanen Barno. A da, ɗalibi baƙo yana samun wurin kwana da rabon gurasa daga dukiyar waƙafi, kuma kowane ruwaƙi yana da shehunsa, wanda ke kula da rabon, yana sasanta rigima, yana kuma magana da yawun ɗalibansa a gaban manya. A ƙarni na 18 wani babban mai mulki, Usman Katkhuda, ya gina wa makafi zawiyarsu ta musamman a gefen masallacin. Masauki, abinci, da mai tsaya wa ɗalibi, su ne dai ayyukan da ofisoshin zamani ke yi da waɗansu sunaye. Ta ƙofar Azhar ɗin nan ce wani yaro makaho daga ƙauyen Misira, Ɗaha Husaini, ya shiga a 1902, daga bisani ya koma sabuwar jami'ar Misira ya sami digirin dakta a 1914, ya zama Ministan Ilmi a 1950.

Akwai darasi guda da labarin matan Madina da na ɗaliban Berkeley suka haɗu a kansa, shi ne masu bukatar ne da kansu suka faɗi abin da ke damunsu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugaba mai ƙafa biyu yana iya hawa matakala uku sau dubu bai taɓa lura da su ba, mai keke kuwa ya san adadinsu tun ranar farko. Don haka ofishin da za a kafa domin waɗannan ɗalibai, amma ba a zauna da su an ji ta bakinsu ba, yana iya kashe kuɗi mai yawa a kan abin da ba su nema ba, ya bar abin da ke hana su barci. Kuma mai tsaya wa ɗalibi lalle ne ya zama yana da ikon faɗa wa hukuma gaskiya ko da ba ta so, in ba haka ba ya zama ɗan aike kurum. Tsayawa kuma ba ta nufin a goyi bayan ɗalibi ko da shi ne da laifi. Abin da take nufi shi ne kada a yanke masa hukunci ba a ji shi ba, kada kuma rashin sanin hanya ko rashin uban gida ya sa ya rasa haƙƙinsa.

Wani abin kiyayewa shi ne gori. Shari'a ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, to ina ga abin da tun asali haƙƙi ne? Idan sai ɗalibi ya tona asirin ciwonsa ko talaucin gidansu a gaban jama'a, ko ya yi ta sintiri daga ofishi zuwa ofishi yana roƙo kamar mai bara, kafin a ba shi abin da ya cancanta, to, an karɓi farashi mai tsada daga mutuncinsa. Kyakkyawan tsari shi ne wanda ɗalibi zai bayyana uzurinsa sau ɗaya ga wanda aka amince da shi, a rufa masa asiri, sa'an nan malamai su sami umurnin abin da za su yi ba tare da an baza musu labarinsa ba.

Saura magana ɗaya mai nauyi, ita ce ta kuɗi. Mai hankali yana iya cewa, jami'ar da ɗalibai ɗari ke cunkushe a ajin mutum hamsin, ina ta ga kuɗin gyara gini saboda mutum biyu? Wannan gaskiya ce da ba a musunta, kuma Allah bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma abu biyu ya kamata a tuna. Na farko, da yawa daga cikin gyaran ba ya cin ko kwabo. Mayar da darasi daga bene zuwa ɗakin ƙasa, barin makaho ya ɗauki muryar malami, malami ya riƙa furta abin da yake rubutawa a allo, ya kuma fuskanci aji idan yana magana domin mai karanta leɓe, duk waɗannan niyya suke bukata. Na biyu, gyaran da aka yi domin kaɗan yakan amfani masu yawa. Gangaren da aka yi wa bakin titi a Berkeley a farkon shekarun 1970 saboda kekunan guragu, mai tura jariri da mai jan kaya da tsoho mai sanda duk sun more shi. Kuma babu lafiyayyen da ke da tabbacin yadda zai wayi gari. Roberts ma yaro ne mai gudu da wasa har ya kai shekara 14.

A Amurka, dokar 1973 ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa naƙasasshe bambanci, aka ƙarfafa ta da wata a 1990. A Nijeriya kuwa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019, dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su shigu. Tun 2017 kuma hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Waɗannan matakai ne na alheri, sai dai doka iyakarta takarda in ba a sami mutanen da suka yarda da ita a zuci ba. Magatakarda, da shugaban sashe, da malamin da ke tsara jadawalin darussa, da mai rabon ɗakunan kwana, a hannunsu ne dokar za ta rayu ko ta mutu, kuma kowannensu makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Saboda haka amsar tambayar ita ce, taimakon ɗalibi mai rauni adalci ne matuƙar yana cire masa ƙayar da ke kan hanya, yana kuma zama son kai ran da aka rage masa nisan tafiyar. Mai neman ya san ko wata jami'a ta cika wannan amana, ba sai ya karanta allon da ke ƙofar ofishi ba. Ya je da safe ya tsaya a gindin matakalar ɗakin darasi, ya ga ko akwai wanda aka bari a ƙasa.

Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya ba malamai riƙon amana, Ya buɗa wa kowane mai neman ilmi ƙofarsa. Amin.